Magidanci da gem ɗin tsakar dare

Tambaya:

Assalamu alaikum Yaya. Ni magidanci ne a Hanwa, nan Zariya, shekarata 31. Da safe ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, da yamma kuma ina zama shagon gyaran waya a PZ. Tun ina yaro nake buga gem. Da maiɗakina ta tafi wankan gida bayan haihuwarmu ta fari, na samu sarari na gama gem ɗin Red Dead Redemption 2 a na'urar PS4, kuma wallahi ƙarshensa ya tsaya mini a rai. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Abokaina ƙwallo kawai suke bugawa, ita kuma ta ce wasan yara ne. Yanzu ta dawo, ba na samun lokaci sai sha ɗayan dare idan sun yi barci, in kai har biyu. Asuba ta fara kuɓuce mini. Rannan ta farka ta tarar na tayar da inji saboda gem, tun daga nan gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Ga faifai shida a ajiye ban taɓa su ba. In sayar da komai in huta ne, ko akwai dabara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ƙara wa mai jego lafiya.

Kada ka sayar tukuna. Wanda ya rabu da abin da yake so cikin fushi ko jin kunya yakan koma ya sayo wani bayan 'yan watanni da tsada, ko kuma gem ɗin ya tare a cikin waya, inda ya fi wuyar ganewa kuma ya fi cin lokaci. Kai da ke zaman shago ka fi ni sanin yawan magidantan da ke kawo gyara, ka buɗe ka tarar da Free Fire ko eFootball a gaban allo, batir ya kumbura saboda bugu ana caji.

Tunda ka ce ba ka da wanda za ka faɗa wa, bari in fara zama mutumin. Na buga shi, na kuma san abin da ya same ka. Wanda bai kai ƙarshe ba ya yi haƙuri ya tsallake sakin layi biyun da ke tafe.

Abin da kamfanin Rockstar ya yi a wannan gem na 2018 ba kasafai ake samunsa ba. Sun ba ka Arthur Morgan, ɗan fashi a Amurkar 1899, lokacin da hukuma ke murƙushe irinsu ɗaya bayan ɗaya. Tun da wuri aka aike shi karɓo bashi wurin wani talakan manomi mara lafiya, Thomas Downes. Ya lakaɗa masa duka, mutumin ya yi tari a fuskarsa, aka wuce wurin babu wanda ya tanka. Sai bayan ka yi tafiya mai nisa a cikin labarin, ka ma manta, Arthur ya yanke jiki ya faɗi a titin Saint Denis, likita ya ce tarin fuka ne. A wancan zamani ciwon ba shi da magani, don sai a shekarun 1940 aka samo maganin farko mai kashe shi. Daga nan komai na gem ɗin ya juya. Kana ganin idonsa na yin ja, jikinsa na ramewa, yana kan doki yana tari. Ya gane Dutch, shugaban gungunsu da ya rene shi, ba mutumin da yake zato ba ne. Ya kori mai ba da bashin ruwan da ya aike shi wurin Downes daga sansaninsu. Ya tarar da matar marigayi Downes da ɗansa cikin wulaƙanci a garin masu haƙar kwal, ya ba su kuɗi su bar wurin.

Mu da aka yi wa tarbiyya a kan cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai an mayar ko an yafe, dole wannan ya taɓa mu. Mutum ne da ya san kwanansa sun ƙare, yana neman gyara ɓarnar da ba ta gyaruwa gaba ɗaya. Ga kuma dokin. Duk ɗan Zazzau da ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan Sallah ya san yadda mahayi ke ji da dokinsa, kuma gem ɗin ya sa ka share masa jiki, ka ba shi abinci, ka lallashe shi idan ya firgita, tsawon sa'o'i masu yawa, kafin ya karɓe shi daga hannunka a kan dutsen nan. In ka ji ƙwalla a wurin, babu abin kunya. Labari ne mai kyau ya yi aikinsa, kuma ba wasan yara ba ne, tunda ma an rubuta a jikin kwalinsa cewa na 'yan shekara 18 zuwa sama ne.

To amma mu zo kan maganar injin, don nan ne ciwon yake.

Ka tsaya a inda take tsaye. Mai jego ce, jariri na tashinta duk bayan awa biyu ko uku. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowane gida a garin nan ya koyi lissafin lita. Ina kyautata zaton an sha ɗauke wuta da rana, zafi ya dame ta, yaro na kuka, tana yi masa fifita da murfin kwano ko mafici, ba ta ce a kunna inji ba saboda ta san halin da aljihunka yake ciki. Wataƙila ma ta taɓa tambaya ka ce a yi haƙuri. Sai ga shi ƙarfe ɗayan dare ta farka da ƙarar inji, ta leƙo falo ta gan ka a gaban talabijin. Abin da ta gani shi ne akwai man da za a ƙona, amma ba don ita da ɗanta ba. Da ta ce maka wasan yara ne, ba sharhin gem take yi ba. Tana gaya maka cewa ita haihuwar nan ta juya mata rayuwa kaf, kai kuwa naka tsarin yana nan yadda yake, sai dai ka matsar da shi zuwa dare.

Don haka matakin farko ban haƙuri ne, kuma kada ka haɗa shi da kare kai. Kada ka ce ai rabin lita ce. Kada ka ce ai wasu mazan majalisa suke kwana. Ka ce mata ka gane abin da ya ɓata mata rai, ka ambaci injin da bakinka, ka ce ba za a sake tayar da shi don gem ba. Sannan ka cika. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, kuma wannan saɓanin ƙarami ne in aka tare shi yanzu.

Sai dare. Ƙanena, wanda ya kwanta ƙarfe biyu ya kuma ce zai tashi asuba wajen biyar, barcin awa uku ya yi. Likitocin barci suna cewa baligi na buƙatar aƙalla awa bakwai. Da wannan idon za ka tsaya gaban ɗalibai, da shi za ka riƙe ƙarfen walda a kan injin wayar mutane, da shi kuma za ka ratsa Kwangila a kan babur tsakanin tireloli. Na fi jin tsoron wannan a kan komai da ka rubuto. Asuba kuwa ba abin ciniki ba ce, kai ma ka sani, shi ya sa ka ambace ta. Ka tuna abin da Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata shi, kamar yadda ya zo a Bukhari: Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. An faɗi wannan ne ga mutumin da ibada ta hana shi kula da matarsa, ballantana gem. Amma ka lura har da haƙƙin ranka a ciki. Mai aiki biyu a rana yana buƙatar abin da zai sauke masa gajiya, kuma ba na cikin masu ganin cewa da zarar mutum ya yi aure to shi da nishaɗi sai a lahira.

Gem ɗin ɓoye kamar cin tuwo ne a tsaye a bayan ƙofa: ciki zai cika, rai ba zai ƙoshi ba. Kana bugawa kunnenka na ɗaki, ka rage murya, zuciyarka na gaya maka ka tashi, kai kuma kana cewa saura kaɗan. Shi ya sa awa uku ba ta isarka. Awa ɗaya da rabi da rana tsaka, da saninta, ba tare da fargaba ba, ta fi wannan daɗi nesa ba kusa ba.

Ga abin da nake ba ka shawara. Bayan kun shirya, ba ranar ban haƙurin ba, ku zauna ku yanke lokaci biyu a mako masu suna. Misali Juma'a bayan an sauko daga masallaci kafin ka fita shago, da Lahadi da hantsi, tunda ranar kasuwar gyara ba ta cika ci ba. Awa ɗaya da rabi kowanne. In wuta ba ta zo ba a lokacin, an yafe, ba a bin bashi da dare. Kuma ita ma ta samu nata awa ukun a mako, kai ka riƙe yaron da gaske, ba ka ajiye shi a kujera kana kallon waya ba. Ta yi barci, ta je kitso, ta je Islamiyya, ta leƙa gidansu, ta kalli shirinta a Arewa24, abin da ta ga dama. Idan wannan rabin bai tabbata ba, ɗaya rabin ma ba zai daɗe ba, kuma gaskiyarta ce.

Za ka ce awa uku ta yi kaɗan. Yi lissafi: awa uku sau mako 52, awa 156 ke nan a shekara. Ainihin labarin Red Dead Redemption 2 kusan awa 50 ne ga wanda bai tsaya farauta da kamun kifi ba. Ka ga ko irinsa ne za ka gama uku a shekara. Matsalar ita ce irinsa bai dace da rayuwarka ta yanzu ba. Nawarsa ce ta sa ya shiga ranka, tafiyar doki mai tsawo, hira a bakin wuta, amma ita ce kuma ke sa ka zauna minti arba'in ba ka kai inda za ka ajiye ba, don ba ya bari ka ajiye a tsakiyar aiki. An yi shi ne don mai dogon zama, kuma ka dace da ka same shi lokacin da gida ba kowa.

Yanzu ka riƙa yi wa kowane gem tambaya biyu kafin ka sa shi. Ta farko: ana iya tsayar da shi nan take? Wannan ce ta raba gem ɗin magidanci da na gwauro. Ƙwallon intanet, ko EA Sports FC ne, wato FIFA ɗin da ta canza suna a 2023, ko eFootball, da su PUBG da Call of Duty, ba sa jiran kowa. Yaro zai tsala kuka, a kira ka daga kicin, kai kuma ka ce ina zuwa saboda in ka fita an rubuta maka faɗuwa. Wannan "ina zuwa" ɗin ta haddasa rigima a gidaje fiye da kuɗin faifai. Kuma da gangan aka gina su da kyautar shiga kullum da gasar da ke ƙarewa ranar kaza, don ka ji in ka yi fashin kwana ɗaya ka yi asara. Gem mai labari kuwa, maɓalli ɗaya za ka danna ya tsaya cak har ka dawo daga masallaci.

Ta biyu: awa nawa ne? Akwai gajeru masu nauyi. Journey na 2012 kusan awa biyu ne, babu magana ko ɗaya a ciki, zama ɗaya ka gama. Inside bai wuce awa huɗu ba. Stray, wanda kake zama kyanwa a wani birni da mutane suka ƙare, wajen awa biyar zuwa shida. In kuma kana son mai ɗan tsawo, wanda na gama kwanan baya kuma nake yaba maka shi ne Assassin's Creed Mirage na 2023. Labarinsa bai kai ƙafar na Arthur ba, wannan gaskiya ce, mutanen cikinsa ba sa zama a rai sosai. Amma birnin ya biya kuɗinsa. Bagadaza ce ta shekarar 861, zamanin Abbasiyawa, da zagayayyen birnin da Halifa Mansur ya kafa a 762, da Baitul Hikma inda ake fassara littattafai, da kasuwanni da marina. Ana iya mayar da muryoyin gaba ɗaya zuwa Larabci, kana cikin tafiya a kan rufin gidaje ka ji kiran salla. Duk wurin tarihi da ka isa akwai ɗan bayanin da za ka buɗe ka karanta. Awa goma sha biyar zuwa ashirin ya ishe shi, kuma ayyukansa gajeru ne, sun dace da zaman awa ɗaya da rabi. Akwai kisa a ciki, don haka shi ma ba na gaban yara ba ne, kuma gara ka saba da wannan ƙa'ida tun ɗanka yana zanin goyo.

Kada ka ji kunyar saukar da wahalar gem zuwa mai sauƙi. Lokacin da kake ɗalibi kana da daren da za ka kashe a kan abokin gaba ɗaya har ka kayar da shi. Yanzu labarin kake so, to ka bi hanyar da za ta kai ka.

Wata 'yar magana a kan wuta, tunda Zariya muke. PS4 ba ya son a ɗauke wuta yana tsakiyar ajiya, kuma barinsa a yanayin hutu, lokacin da fitilarsa ke ruwan lemo, haɗari ne a garin da ba a sallama kafin a ɗauke. Ka san wannan layin da yake nunawa yana duba ma'ajiyarsa idan ya mutu ba shiri; wata rana ba zai tsaya a dubawa ba, aikin wata biyu zai tafi. Ka riƙa kashe shi gaba ɗaya, ka riƙa kwafe ajiyarka a filas, in da hali ka sa masa ƙaramin UPS da zai ba ka minti biyar ka rufe lafiya.

Faifai shidan nan kuwa, su ne ke sa ka jin kana bin kanka bashi. Ba wanda ya ɗora maka su. Zaɓi biyu da ranka ya fi so, sauran huɗun ka sayar ko ka yi musaya, kuɗin ka shigo da su gida ta gani. Kuma kada ka sake sayen sabo sai ka gama na hannu.

Saura maganar wanda za ka faɗa wa, wadda nake ganin ita ce ta sa ka ɗauki biro tun farko. Gama labari mai nauyi kai kaɗai akwai kaɗaici a ciki. Shawarata ita ce ka fara da maiɗakinka, amma ba da hannun gem ba, da baki. Wata rana kuna zaune bayan isha, yaro ya yi barci, ka ce mata bari in ba ki labarin wani ɗan fashi da ya je karɓar bashi. Kada ka ambaci maɓalli ko bindiga ko yadda hoton ya fito. Ka ba ta shi yadda ake ba da labari: mutumin, matar da aka bari da maraya, ciwon, nadamar. Matanmu sun san labari, su ne masu karanta littattafan Hausa, su ne masu bin shiri mai dogon zango shekara da shekaru ba su ɓata sunan kowa ba. Ina sa ran za ta tambaye ka ko matar ta yafe masa, daga nan hira ta ɓarke. Sharaɗin shi ne idan ta zo ba ka nata labarin, na littafi ne ko na gidan suna, ka ajiye waya ka saurara da irin kunnen da kake so a ba ka.

In ta nuna sha'awa, akwai It Takes Two na 2021, wanda ba ya buguwa sai da mutum biyu, labarin miji da mata ne da ke shirin rabuwa aka tilasta musu haɗa kai, kuma shi ya ci kyautar gem ɗin shekara a The Game Awards. Yana kan PS4. In ba ta so, kada ka matsa. Ba dole ne ta so abin da kake so ba. Ya isa ta san abin da yake nufi a wurinka.

A waje kuma, masu irin ra'ayinka suna nan, shiru kawai suke yi kamar yadda kake yi. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli da ɗalibai daga kowace kusurwa ba zai rasa wanda ya gama wannan gem ba. Ka tambayi mai sayar da faifai wa ke yawan neman masu labari. Ka jefa maganar a shago idan wani ya kawo waya ka ga alama. Mutum biyu ko uku sun isa: ku riƙa musayar faifai, ku ajiye ƙa'idar cewa ba a tona ƙarshen labari sai kowa ya kai, wanda ya gama ya turo saƙon murya na minti uku a WhatsApp ya faɗi abin da ya ji. Abokan ƙwallon ma kada ka yar da su, wasa biyu a shago ranar da kasuwa ta yi sanyi zumunci ne.

Ban ga alamar cuta a wasiƙarka ba, amma ya kamata ka san ma'aunin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar gem a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma alamominta uku ne: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da dainawa, gem ya hau kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, yawanci na tsawon wata 12. Kai watanni kaɗan ne, kuma da kanka ka tsaya ka yi tambaya. Ka gwada tsarin nan wata biyu. In ka ga kana tashi cikin dare kana kunnawa a ɓoye duk da alkawarin da ka ɗauka, ko asuba ta ci gaba da wuce ka, to ka naɗe PS4 ɗin ka kai ajiya gidan wani yayanka har yaron ya fara kwana ba tashi, ka kuma goge na cikin waya a rana ɗaya. In hakan ma ya gagara, ka je ka ga likita a asibitin koyarwa na Shika, su ne da sanin abin da za a yi daga nan.